Zanen izometirik a kwamfuta: yadda mai aiki zai ga kayansa kafin a yanka ƙarfe

A kan babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Agye da Gazawa, masu walda da kafintoci na ƙera amalanke, ƙofofi da kwamin shayar da dabbobi. Galibi da baki ake yin cinikin. Mai aiki ya kwatanta da hannu, maƙeri ya ce ya gane, sai ranar ɗaukar kaya gardama ta tashi, alhali an riga an yanka ƙarfen. Zane ne maganin wannan asara, amma zanen iri biyu ne, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne zanen fuskoki. Ana nuna abu ta gaba, ta sama da ta gefe, kowace fuska daban, tare da awonta. Masanin lissafi na Faransa, Gaspard Monge, shi ya tsara tushen wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ita ce ake koyarwa a makarantun fasaha irin su Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi. Maƙeri na samun awo daidai a cikinta, sai dai wanda bai koya ba layuka kawai yake gani.

Na biyu shi ne zanen izometirik, wanda William Farish na jami'ar Kambirij ta Ingila ya bayyana ƙa'idojinsa a 1822. Yana haɗa fuskoki uku cikin hoto ɗaya, tamkar mutum na kallon abin ta kusurwa. Layukan tsayi na miƙewa tsaye, na tsawo da na faɗi kuma suna karkata da digiri 30, ɗaya dama ɗaya hagu.

Yadda ake juya ɗaya zuwa ɗaya

A ɗauki kwamin shayar da dabbobi mai tsawon santimita 120 da zurfin 40, bakinsa na da faɗin 50, gindinsa 30.

Kafin a taɓa kwamfuta, sai a duba tsarin da aka jera fuskokin. A tsarin Turai, wanda makarantun ƙasashe masu Faransanci ke bi, fuskar sama tana ƙarƙashin ta gaba, fuskar hagu kuma tana dama. A tsarin Amurka akasin haka ne. Wanda ya rikita su zai iya huda ramin zubar da ruwa a gefen da ba nasa ba.

A manhajar AutoCAD, wadda ta fito a 1982, ana buɗe yanayin izometirik da umarnin ISODRAFT, maɓallin F5 kuma yana sauya fuskar da ake aiki a kai: hagu, sama ko dama. Mai zane ya fara da akwatin da zai iya haɗiye kwamin gaba ɗaya, wato 120 da 50 da 40. Waɗannan awo uku ana ɗauko su kai tsaye daga zanen fuskoki. Daga nan sai ya shiga santimita 10 daga kowace kusurwar ƙasa, ya sa alama, ya haɗa ta da kusurwar sama. Idan ya goge ragowar akwatin, kwami ya fito. Ramin zubar da ruwa kuwa, ko da yake da'ira ne, a izometirik siffar ƙwai yake ɗauka, don haka da umarnin ELLIPSE ake zana shi.

Akwai wata hanyar: a gina kwamin gaba ɗaya a matsayin jiki mai tsawo, faɗi da tsayi, sannan manhaja ta fitar da kowace fuska da kanta. FreeCAD tana yin haka, kyauta ce, kuma idan an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Amfanin wannan hanya shi ne, in mai aiki ya ce a ƙara zurfi, gyara ɗaya ya wadatar da dukan zanukan.

Inda ake yin kuskure

A hoton izometirik, layukan da ke bin tsawo, faɗi da tsayi ne kawai ke riƙe awonsu. Karkatattun layuka ba su riƙewa. Bangon kwamin nan da ya karkata, ainihin awonsa santimita 41 ne da ɗan ɗoriya. Amma a hoton, gefe ɗaya zai nuna wajen 36, ɗayan wajen 46. Yaron shago da ya ɗora ma'auni a kan hoton ya yanka farantin ƙarfe, zai samu gefe ɗaya ya gaza, ɗayan ya wuce. Shi ya sa masu sana'ar ke buga zanukan biyu a takarda ɗaya: mai aiki ya kalli hoton ya amince, maƙeri ya yanka bisa awon fuskoki.

Ba dole ba ne kowane shago ya mallaki kwamfuta. Matashi ɗaya da ya fito daga cibiyar koyon sana'a ta CFM, ya iya zanen fuskoki da hannu sannan ya koyi manhajar, zai iya yi wa shaguna da dama aiki, ya aika musu da zanen ta WhatsApp. Wanda bai iya karanta fuskoki uku a takarda ba kuwa, kwamfuta ba za ta karanta masa ba, don haka daga fensir da ma'auni ake farawa.