Kwamfutar Allo a Madadin Kwamfutar Cinya: Nazari a Kan Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2010, lokacin da kamfanin Apple na Amurka ya fitar da na'urar da ya raɗa wa suna iPad, ake ta ja-in-ja a kan wata tambaya guda, wato ko wannan shafaffiyar na'ura da ake sarrafawa da yatsa za ta iya maye gurbin kwamfutar nan da ake ɗorawa a cinya. Tambayar kuwa ba ta 'yan gayu kaɗai ba ce. Ɗalibin da iyayensa suka yi shekara suna tara kuɗi domin su saya masa na'ura guda, da ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa alhakin tsara takardar sayen kayan ofis, da mai masana'antar da yake neman rage kuɗin wuta, duk amsar ta shafe su, domin kuskure a nan asara ce mai wuyar mayarwa. Manufar wannan lacca ita ce a auna na'urorin nan biyu da ma'aunin aiki. An zaɓi unguwannin masana'antu uku na Kano su zama fagen awon, saboda a can ne ake samun kowane irin aiki a cikin shinge ɗaya, tun daga ƙidayar buhuna a bakin sito har zuwa haɗa lissafin ƙarshen shekara.

2.0 Sunayen Na'urorin da Bambancinsu

Kalmar da Turawa suke kiran wannan na'ura da ita, asalin ma'anarta shi ne faifan dutse ko na katako wanda mutanen da suke rubutu a kai. Ashe ke nan Bahaushe ba ya bukatar aro, domin yana da allo tun fil azal. Saboda haka a nan za a kira ta kwamfutar allo, ita kuma ɗayar, wadda wasu suke ce wa laftof ko tafi-da-gidanka, za a kira ta kwamfutar cinya.

Bambancinsu na farko yana ga jiki. Kwamfutar allo gilashi ne guda, nauyinta bai fi kimanin rabin kilo ba, galibi ba ta da fanka a ciki, kuma ƙofar sanya waya ɗaya gare ta. Ta cinya kuwa takan kai kilo ɗaya da rabi ko biyu, tana da madannai nata na kanta, da ƙofofi da dama da za a haɗa ta da na'urar buga takardu ko wani inji. Bambanci na biyu, wanda shi ne mafi muhimmanci, yana ga babbar manhajar da take tafiyar da na'urar. Yawancin kwamfutocin allo suna aiki ne da Android na kamfanin Google, ko iPadOS na Apple, waɗanda tushensu manhajar wayar hannu ce. Yawancin na cinya kuma Windows na kamfanin Microsoft suke amfani da shi. Manhajar da aka tsara domin Windows ba ta hawa Android, kamar dai yadda mabuɗin wani ɗaki ba ya buɗe wani.

Gaskiya ne tazarar ta ragu cikin shekaru. A 2013 Microsoft ya fitar da Surface Pro, allo ne a siffa amma cikakken Windows ne a cikinsa. A 2014 aka samar da Word da Excel a kan iPad, a 2020 kuma na'urar ta karɓi cikakken aiki da linzamin kwamfuta. Duk da haka raguwar tazara daban, gushewarta daban.

3.0 Yanayin Unguwannin Masana'antu

Bompai ita ce babbar yaya a cikin unguwannin nan uku, domin tun zamanin Turawa, a shekarun 1950, masana'antu suka fara zama a can, lokacin da gyaɗa da fata da ƙirgi suke cin kasuwa. Sharaɗa ta bunƙasa ne bayan kafa Jihar Kano a 1967, musamman a shekarun 1970, har aka kasa ta kashi uku. Challawa kuwa, wadda ta samo sunanta daga kogin da take kusa da shi, ta yi fice wajen manyan majemu. A waɗannan wurare ne aka san Kano da saƙa da jima da matsar mai da yin alewa da kayan roba, irin su bokitai da butoci da takalma.

Daga 1986, da aka shigo da shirin nan na tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, kayan ƙetare masu araha kuma suka cika kasuwa, har masana'antu da yawa, musamman masaƙu, suka rufe. Waɗanda suka rage, babbar matsalarsu ita ce wutar lantarki. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta a Kano ga kamfanin KEDCO, a watan Afrilu na 2024 kuma hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin rukunin farko na masu shan wuta zuwa naira 225 a kowane yunit, alhali a da bai kai naira 70 ba. Bayan wuta, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Duk na'urar da za ta yi aiki a nan, dole ne a auna ta da waɗannan abubuwa uku.

4.0 Inda Kwamfutar Allo Ta Yi Zarra

Wuri na farko shi ne duk aikin da ake yi a tsaye. Alal misali, mai kula da sito a masana'antar roba, idan mota ta zo ɗaukar kaya zuwa kasuwa, yana bukatar na'urar da zai riƙe da hannu ɗaya, ya ƙirga da ɗayan, ya ɗauki hoton lambar motar da takardar kaya, direba kuma ya sa hannu da yatsa a kan gilashin. Haka kuma mai tantance fatu a majema zai iya shigar da adadi da daraja yana tsaye a gaban tarin fatun, ba sai ya rubuta a takarda sannan akawu ya sake kwafa da yamma ba. Masu aikin lissafi sun san cewa a wurin kwafa ne kurakurai da yawa suke shiga, wani lokaci ma har da son zuciya.

Na biyu shi ne cin wuta. Cajar kwamfutar cinya takan ja wat 45 zuwa 65, ta allo kuwa ba ta cika wuce wat 20 ba, kuma batirinta yakan yi kimanin awa goma, wato ya ishi aikin yini guda. Ƙaramin faifan hasken rana ko batirin ajiya na aljihu ya isa ya cika ta. Na uku, rashin fanka alheri ne a ƙasar ƙura, domin fankar kwamfutar cinya ita ce take zuƙo ƙura da burbushin auduga ko na roba zuwa cikin na'urar har ta toshe. Na huɗu, da yawa daga cikinsu suna karɓar layin waya, saboda haka wakilin kamfani da ya fita tallar kaya zuwa Kasuwar Singa ko Dawanau zai iya aiko da oda nan take. Na biyar kuma shi ne sauƙin koyo, domin duk wanda ya iya babbar wayar hannu ya riga ya iya rabin aikin. Wanda ya ga yadda malaman zaɓe suka tantance masu jefa ƙuri'a da na'urar BVAS a zaɓen 2023, ya ga misalin aikin da wannan siffa ta dace da shi, wato aiki guda, tsararre, wanda ake maimaitawa a fili.

5.0 Inda Ta Gaza

Da zarar an bar bakin sito an shiga ofishin akanta, sai labari ya sha bamban. Yawancin manhajojin lissafin kuɗi da kamfanoni suka daɗe suna amfani da su, domin Windows aka yi su. Ko Excel ɗin da yake kan allo ba ya gudanar da ƙananan umarnonin nan da akantoci suke rubutawa domin su haɗa albashin ɗaruruwan ma'aikata da dannawa ɗaya. Ga kuma ƙanƙantar fuska, wadda ba ta ba mutum damar jera leja da bauca da takardar banki a gabansa lokaci guda.

Haka abin yake ga injiniya. Injunan zamani na narka roba ko ɗura lemo suna da 'yar ƙwaƙwalwa da take tsara motsinsu, manhajar da ake gyara wannan ƙwaƙwalwa da ita kuwa, irin ta kamfanin Siemens na Jamus, a kan Windows take tafiya, kuma sau da yawa sai an haɗa waya daga kwamfuta zuwa jikin injin. Idan inji ya tsaya, leburori suna zaune, janareta yana shan man dizal, to a wannan sa'a kwamfutar allo ba ta da abin da za ta tsinana.

Sai kuma batun zafi da gyara. Kamfanin Apple da kansa ya ƙayyade cewa a yi aiki da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, ke nan a bazarar Kano na'urar tana iya rage hasken fuskarta ko ta daina caji har sai ta huce. Wajen gyara kuma, kwamfutar cinya, ko da ta hannu ce, akan iya sauya mata batiri ko ma'ajiya ko madannai a wurin masu gyara na Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre. Ta allo kuwa a manne kayan cikinta suke, ba a ƙara mata ƙwaƙwalwa, idan gilashin ya fashe kuma kuɗin sauya shi yakan ci babban kaso na kuɗin sabuwa. Bugu da ƙari, kamfanoni sukan daina sabunta manhajar masu araha bayan 'yan shekaru, sai na'ura ta zama lafiyarta ƙalau amma manhajar banki ta ƙi hawa. Wanda kuma ya ce zai saya mata madannai da linzami da alƙalami da mahaɗin ƙofofi domin ta yi kama da ta cinya, zai tarar ya kashe kuɗin ta cinyar, bai kuma sami ƙarfinta ba.

Abu na ƙarshe shi ne amanar bayanai. Kwamfutar allo ta dogara ƙwarai ga ajiyar intanet, saboda haka wajibi ne kamfani ko ma'aikata su san da sunan wa aka buɗe asusun ajiyar. Idan da sunan ma'aikaci ne, ranar da ya bar aiki ya tafi da lissafin sito a aljihunsa.

6.0 Darasi ga Ɗalibi da Ma'aikaci

Abin da aka gani a masana'anta shi ne dai yake faruwa a jami'a da sakatariya. Wajen karanta littattafai da sauraron darasi da rubuta taƙaitaccen bayani da alƙalami, kwamfutar allo ta fi daɗin sha'ani. Ga mai rubutun Hausa ma akwai wata fa'ida, domin madannan gilashi irin na Gboard suna ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, alhali a kwamfutar cinya sai an sauya tsarin madannai kafin a same su. Amma kundin digiri mai shafi ɗari, da jadawali da manazarta da lissafin ƙididdiga, aikin kwamfutar cinya ne. Kada kuma a manta cewa tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, kuma ofisoshi suna neman wanda hannunsa ya faɗa a kan madannai da linzami. Ɗalibin da bai san komai ba sai shafar gilashi, zai je neman aiki a Sharaɗa da naƙasu a tare da shi.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da ƙa'ida guda. Duk aikin da yake na tattara bayani ne ko duba shi, ana tsaye ko ana tafe, kwamfutar allo ta isa, har ma ta fi. Duk aikin da yake na sarrafa bayani mai yawa ne, ko na haɗa kwamfuta da inji, to kwamfutar cinya ba ta da madadi tukuna, sai fa irin allon nan mai ɗauke da cikakken Windows, wanda shi ma a haƙiƙa kwamfutar cinya ce da aka cire wa madannai. Saboda haka masana'antar da take da hali, abin da ya fi mata shi ne ta ba 'yan sito da wakilan talla allo, ta bar akanta da injiniya da ta cinya. Mai kuɗin na'ura ɗaya tak kuwa, kafin ya shiga kasuwa ya kamata ya rubuta ayyukan da zai yi, ya tabbatar da cewa manhajar kowane aiki tana hawa na'urar, ya kuma tambayi kuɗin gilashi da na batiri. Idan ya yi haka, ko wacce ya ɗauka ya san iyakarta tun daga kanti, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.