Hunturu Ya Kama: A Gyara Murhu, A Kiyaye Rai

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya bi ta Bompai, Sharada ko Challawa da asuba zai ga masu gadi da leburorin masana'antu sun kewaye wuta suna ɗumama hannu. A gidajen haya ma haka abin yake. Ana shiga da kasko ko kurfoti cikin ɗaki domin yara su yi barci.

Da yawa ba sa iya sayen sabo. Sukan nemi tsohon murhun ƙarfe, ko su sa maƙeri ya yanka musu rabin ganga. Ba laifi, amma a duba abubuwa uku.

Na farko, a tambayi abin da gangar ta taɓa ɗauka. Masana'antun jima da ke Challawa da Sharada suna amfani da sinadarai masu ƙarfi. Gangar da ba a san asalinta ba, a bar ta. Wadda aka yarda da ita, a ƙone ta a fili har fentin ya zube kafin a kai gida.

Na biyu, a kifa murhun a dubi gindinsa. Inda tsatsa ta huda, mai walda ya yi faci, don ta nan garwashi ke faɗowa kan tabarma. A shafe cikinsa da yumɓu gauraye da yashi, a bari ya bushe sarai. Zai riƙe zafi, ƙarfen kuma zai daɗe.

Na uku, itace. Busasshen marke ko ƙirya sun fi ɗanye, wanda ba ya ba da kome sai hayaƙi. Kada a sa roba, tsohuwar taya ko katako mai fenti.

To, ga babban haɗarin. Gawayi ko itacen da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa har sau 200, sai ta hana jiki samun numfashi. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci ba ya jin ko ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Saboda haka a hura wuta a tsakar gida. In an shigar da ita, a bar taga a buɗe, a kuma fitar da ita kafin a kwanta. Idan aka tarar da wani ya galabaita, a fito da shi fili nan da nan, a garzaya asibiti mafi kusa.

Jama'a, sanyin wata uku ne, zai wuce. Gara ƙarin bargo da zaman makoki.