Tafkin Chadi: Ruwan Da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Duk wanda ya yi jogirafi a sakandare ya haddace cewa Tafkin Chadi yana can ƙuryar arewa maso gabas, inda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa iyaka. Abin da taswirar aji ba ta gaya maka shi ne, wannan ɗan shuɗin tabo ba shi da tsayayyar gaɓa. Inda masunci ya jefa koma bana, bayan 'yan shekaru sai ka tarar an shuka masara da wake.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Tafkin kamar faranti yake, zurfinsa a yawancin wurare bai wuce 'yan mitoci ba, ƙasar da ke kewaye da shi kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Ruwa ya sauka da mita ɗaya kawai, gaɓa ta ja da baya kilomitoci. Sannan ruwan ba na nan ba ne. Kusan kashi 90 cikin 100 yana zuwa ne ta kogin Shari da na Logone, waɗanda ke tasowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru, su haɗu a Njamena. Damina ta yi rowa a can, mutanen Baga ne za su ji a jikinsu. Namu kason shi ne Komadugu Yobe, wanda kogin Haɗeja da na Jama'are ke ciyarwa. Ƙarami ne, ga kuma madatsun Tiga da Challawa suna tare ruwa tun daga Kano.

Tafkin ba shi da mafita zuwa teku, ga zafin rana yana shanye shi, amma ruwansa na sha ne. Wani ɓangare na ruwan yana tsiyayewa ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin, wani kuma ya daskare a kwaruruka na gefen arewa maso gabas. Daga nan ake haƙo kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa kasuwanninmu.

Wannan kai da komo ba yau ya fara ba. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, faɗin tafkin ya haura murabba'in kilomita 300,000. Doguwar tudun yashin nan da ta bi ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. A 1987 aka tono wani kwale-kwale a Dufuna ta jihar Yobe, mai kimanin shekara 8,000. Hatta hazon da ke sa mu tari a aji lokacin hunturu, da yawansa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a Chadi, wato busasshen ƙasan wancan tsohon tafki.

A kewayensa daular Kanem-Borno ta yi zamaninta. Ta fara a gabashin tafkin, daga baya sarakunan suka koma yamma, Mai Ali Gaji ya kafa Ngazargamu a ƙarni na 15, Shehu Muhammad al-Kanemi kuma ya kafa Kukawa a 1814. A tsibiran kuwa Buduma ne, da jiragensu na ciyawa da shanun Kuri masu manyan ƙahoni.

To, ga inda maganar ta shafe mu. A 1963 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Da wannan cikar a ido aka tsara babban aikin noman rani na Kudancin Chadi a Marte, aka haƙa doguwar hanyar ruwa, aka kafa manyan famfuna don noman alkama da shinkafa. Tun kafin a gama aikin, farin 1973 ya zo, tafkin ya rabu gida biyu. Na 1984 ya biyo, faɗin ruwan ya koma wajen murabba'in kilomita 2,000. Ruwa ya gudu ya bar bakin hanyar a busasshiyar ƙasa. Injina lafiyarsu ƙalau, lissafin ne ya ɗauka cewa gaɓa za ta tsaya inda aka gan ta.

Talakawa kuwa ba su tsaya jira ba. Sun bi ruwan, ciki har da Hausawa masunta da manoma. Ruwa ya cika, a yi su a kyafa banda. Ya janye, a shuka a danshin da ya bari, makiyayi ya shigo da garkensa. Bin ruwan ne ya kai 'yan Najeriya har Darak, wadda kotun duniya ta ce ta Kamaru ce a 2002. Abin da ya karya wannan tsari a baya-bayan nan shi ne rikicin Boko Haram, wanda ya hana mutane zirga-zirga, ya durƙusar da kasuwar kifi ta Baga.

Shi ya sa in ka ji ana cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90, ka tambaya: daga wace shekara zuwa wace? Tun bayan shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, a 2022 ma ambaliya aka yi fama da ita a yankin. Ana kuma ta maganar janyo ruwa daga yankin kogin Kwango, aikin da har yau bai bar takarda ba.

'Yan uwa na sashen safiyo, injiniya da noma, gobe wasunmu ne za su zana irin waɗannan ayyuka. Kafin ka ja layi a takarda, ka nemi bayanan shekarun cika da na fari duka, ka kuma zauna da tsohon masunci ya nuna maka inda ruwa ya taɓa tsayawa.