'Yar da'irar da ke amsawa a madadinka: abin da ya kamata mu sani kan maɓallin rediyo

Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet a nan Faransa, ko na takardar zama, ko na makarantar yara, ko na asibiti, ya san 'yan da'irorin nan da ke jere a gefen amsoshi. Ka taɓa ɗaya, ɗigo ya bayyana a cikinta. Ka taɓa ta biyu, ɗigon ya tashi ya koma can. Faransawa na ce musu bouton radio, wato maɓallin rediyo. Sunan ya samo asali ne daga rediyon mota na da, mai maɓallan tasha a jere: in ka danna ɗaya, wanda ke ciki sai ya fito da kansa, don ba a jin tasha biyu a lokaci guda.

Rubuta manhaja ne sana'ata a Paris, kuma a wajenmu wannan abu na cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibi. Amma da shekaru suka ja, na gane cewa duk wanda ya jera da'irorin nan ya riga ya yanke wa mai cike fom wani ɓangare na hukunci tun kafin ya zo.

Maɓallin rediyo guda ɗaya ba shi da amfani, sai an haɗa shi da 'yan'uwansa a rukuni. A shafin intanet, ana ba duk maɓallan tambaya ɗaya suna iri ɗaya, sai burauza ta gane 'yan gida ɗaya ne. A Qt, kayan aikin da aka gina fuskar VLC da shi a Windows da Linux, akwai QButtonGroup da ke tattara su. Ita VLC ɗin ɗaliban makarantar École Centrale Paris ne suka fara ta a 1996, kuma in ka buɗe saitunanta za ka ga da'ira biyu a ƙasa ta hagu, ɗaya ta saituna masu sauƙi, ɗaya ta dukkansu. A Tkinter na Python kuwa, maɓallan kan yi tarayya ne a ma'ajiyar amsa guda. Hanyoyin sun bambanta, dokar ɗaya ce. In mai rubutu ya ba tambayoyi biyu suna ɗaya, amsar ta biyu za ta goge ta farko. In ya raba sunan a cikin tambaya ɗaya, mutum zai iya zama mai aure kuma gwauro a fom guda.

Wannan gyara ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne wurare uku: waɗanne amsoshi aka jera, wacce aka riga aka ɗiga, da kuma cewa in ka taɓa da'ira ba ka iya mayar da rukunin babu komai, sai dai ka koma wata. Ƙa'idar HTML ta 1995 cewa ta yi dole a samu ɗaya a ɗige ko da yaushe, in mai rubutu bai zaɓa ba, burauza ta ɗiga ta farko. Daga baya aka sassauta, yanzu ana iya barin su duka fayau. A ranar 1 ga Oktoban 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Planet49 cewa akwatin da aka riga aka yi wa alama ba ya zama yardar mutum. Kan akwati mai kusurwa huɗu aka yi shari'ar, amma hankalin da ke cikinta ya shafi da'ira ma.

Na ga nauyin wannan a Lyon, tafiyar kamar awa biyu daga Paris a jirgin TGV, inda 'yan'uwa suka nemi in taya su shirya fom ɗin asusun jana'iza. Tambaya mafi nauyi a ciki ita ce: in ta Allah ta kasance, a binne ka a nan, ko a mayar da kai gida? Wani matashi a kwamitin ya kawo shawarar a ɗiga “a mayar da ni gida” tun farko, tunda a ganinsa yawancin mutane ita za su zaɓa, an rage musu wahala. Sai wani dattijo ɗan Maraɗi ya ce masa: “Ɗana, 'ya'yana duk a nan aka haife su. In na wuce tambayar ban lura ba, kai ne za ka yi musu bayani ranar?” Yaron ya ce: “Gaskiyarka, Baba.”

A ƙarshe ba mu ɗiga ko ɗaya ba, kuma fom ba ya tafiya sai an amsa. Muka ƙara amsa ta uku, “ban yanke shawara ba tukuna”, domin wanda bai gama magana da iyalinsa ba kada a tilasta masa faɗin abin da ba ya zuciyarsa. Muka ɗaure tambayar da amsoshinta da fieldset da legend, don manhajar da ke karanta wa makafi allo ta faɗi tambayar kafin amsa. Muka kuma sa rubutun kansa ya zama abin taɓawa, saboda yatsan dattijo a kan wayar salula ba lallai ya sami 'yar da'ira ba. Dabarar amsa ta uku ba tamu ba ce: Framadate, manhajar tsayar da ranar taro ta ƙungiyar Framasoft mai mazauni a Lyon, tana ba da “i”, da “a'a”, da “in ya zama dole”.

Fom ɗin ƙungiya muna iya gyara shi da yamma ɗaya. Na gwamnati kuwa ba a hannunmu yake ba. Yawancin neman takardar zama ya koma dandalin ANEF, kuma rayuwar baƙo ba kullum take shiga jerin amsoshin da aka tanada ba. A ranar 3 ga Yunin 2022 kotun ƙoli ta harkokin mulki, Conseil d'État, bayan ƙarar da La Cimade da wasu ƙungiyoyi suka shigar, ta ce dole gwamnati ta taimaka wa masu nema, ta kuma tanadi wata hanya ga wanda intanet ta gagare shi saboda yanayinsa ko matsalar dandalin.

Don haka, 'yan'uwa, kafin ku danna aikawa ku koma sama ku bi da'irorin ɗaya bayan ɗaya. Da'ira amsa ɗaya take karɓa, akwati mai kusurwa huɗu yana karɓar fiye da ɗaya. In kun tarar da ɗigon da ba ku ne kuka sa ba, ku karanta shi da kyau. In babu amsar da ta dace da halinku, kada ku zaɓi mafi kusa don a wuce wurin, domin abin da kuka ɗiga shi za a rubuta da sunanku. Ku ɗauki hoton allon, ku nemi ƙungiyar da ke taimakon baƙi. Matasanmu masu koyon wannan sana'a kuma, duk lokacin da za ku jera da'irori, ku fara tambayar kanku wane ne babu amsarsa a jerin.