Girki a Baranda: Yadda Ake Rabon Fili a Gidajen Nima da Maamobi

Da asuba, tun kafin gari ya waye sosai, lungunan unguwar Nima da ke Accra sun cika da hayaƙin gawayi da ƙanshin ƙosai da na karan dafi a tukunyar waakye. Amma kaɗan ne daga cikin tukwanen nan ke cikin ɗakin da aka gina domin girki. Yawancinsu a baranda suke, ko a tsakar gida, ko a bakin ƙofa inda mai wucewa sai ya karkace kafin ya samu hanya.

Tsarin gidan ne ya jawo haka. Gidan haya na zango ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida, ƙofar shiga ɗaya, kusan kowane ɗaki da iyalinsa. Wanda ya ɗan samu hali ya kama ɗaki da falo. Ba zango kaɗai ba ne: ƙidayar 2010 ta nuna kimanin rabin magidantan Ghana a irin waɗannan gidaje suke zaune. Sai dai a Nima da maƙwabciyarta Maamobi cunkoson ya kai inda taku ɗaya na baranda kan iya haddasa rigimar da sai mai gida ya sa baki.

Da can ba haka aka zana ba. Lokacin da Malam Bako ya kafa unguwar Sabon Zango ta Accra a farkon ƙarni na 20, tsarin ƙasar Hausa mutanensa suka zo da shi: zaure a gaba domin baƙi da karatu, mata a cikin gida. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Deborah Pellow, ta fitar da littafi a 2002 kan wannan unguwa da zaman masu gidajenta da 'yan hayarsu. Nima kuwa ta soma bunƙasa ne a shekarun 1930, bayan Malam Futa ya karɓi fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, gidaje kuma suka riga tituna da magudanai zuwa. Da jama'a ta ƙaru, zaure ya koma shago. A gidaje da dama ɗakin girki, har ma da bayan gida, an mayar da su ɗakunan haya, domin ɗaki na kawo kuɗi.

Ga kuma kuɗin hayar kanta. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma a Accra masu gida kan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wadda ta biya haka, ba ta kuma da tabbacin za a sabunta mata, ba za ta zuba siminti a bangon wani ba. Shi ya sa kicin ɗin 'yar haya duka ɗauka ake yi: tebur, kabad mai raga, kujerar tsuguno, kurfoti, silindar gas, da babbar roba mai murfi. Da dare a shigar da abin da ake tsoron sacewa, da safe a fito da shi.

Masu zanen gidaje na Turai sun daɗe da auna girki da tef. A 1926 Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar Austriya, ta zana wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt kicin da faɗinsa bai kai mita 2 ba, komai a inda hannu zai kai. A shekarun 1940 masana a Amurka suka zo da ƙa'idar kusurwa uku, wato murhu da wurin wanke-wanke da firji su kasance kusa da juna ba tare da wani abu ya gitta ba. Tunanin yana da kyau, amma an gina shi kan mace ɗaya a tsaye, da famfo mai ruwa, da ƙaramar tukunya.

A Maamobi, mai tuƙa banku ko tuwon zafi a zaune take. Tukunyar ƙarfe na bisa kurfoti, an maƙala sandunan ƙarfe biyu a kunnuwanta, ta taka su da ƙafafu don kada tukunyar ta motsa, sannan ta ja muciya da hannu biyu. Wannan aiki ba ya yiwuwa a kan kanta mai tsayin ƙugu. Fufu kuma yana son mutum biyu, mai daka a tsaye da mai juyawa a zaune, da daɓe mai ƙarfi, da rufin da taɓarya ba za ta buga ba. Duk wanda ya taɓa jin an daka fufu a hawa na biyu ya san me maƙwabtan ƙasa ke faɗa. Don haka kicin mai amfani a nan hawa biyu gare shi: tebur ko kanta domin gas da yanka kayan miya, da wani fili a ƙasa, ko da taku biyu ne, domin tuƙi da daka. Kusurwa ukunsa kuwa su ne wuta, ruwa, da inda ruwan zai bi ya fita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne toshe baranda. Ana son sirri, ana tsoron ɓera da ɓarawo, sai a ɗaga bulo ko katako har rufi, a sa ƙofa. An samu kicin, amma tagar ɗakin kwana, wadda sau da yawa ita kaɗai ce, yanzu cikin kicin take buɗewa. Zafi da hayaƙi sai su kwana da yara. Haɗarin ya wuce na zufa: gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, gas na silinda kuma ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa. Maganin ba mai tsada ba ne. A tsaya da bango a rabin tsayi, a ƙarasa da raga ko bulo mai huji, a bar kafa a ƙasa da wata a sama, silinda kuma ta yi nesa da kurfoti. Mutanen Accra ba su manta fashewar tashar gas ta Atomic Junction a Oktoban 2017 ba, gwamnati kuma na burin rabin 'yan ƙasar su koma gas zuwa 2030, wato silindu za su ƙaru a barandar nan. Ga wadda ba ta bar gawayi ba, murhun Gyapa mai cikin yumɓu, da aka shigo da shi a 2002, yana rage cin gawayi.

Ruwa shi ne rabin wahalar. Famfo ba kullum yake zuwa ba, saboda haka jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor sun zama kayan ɗaki, kuma sun cancanci a ware musu wuri tun a zane, kusa da ƙofa, don kada yarinya ta ratsa kusa da wuta da lita 20 a ka. Mai ɗora tankin ruwa na Polytank ya tuna lita 1,000 nauyin tan guda ce, ba a ɗora ta kan ginin da aka yi da kame-kame. Daɓen wurin wanke-wanke ya gangara zuwa kwata, dokin ƙofa kuma ya ɗaga. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi kan cika da damina, kuma ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015, da suka ci rayuka sama da 150 a yankin Kwame Nkrumah Circle, sun isa tuni kan abin da ruwan Accra ke yi.

Bayan gida ya fara dawowa cikin gidaje. Shirin tsafta da ruwa na yankin Accra (GAMA), wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 150 a 2013, ya tallafa wa masu gida su gina ƙananan masai da ba sa cin fili. Inda za a ajiye shi ne ke son tunani: nesa da wurin girki da randa, kuma malamai na hana fuskantar alƙibla ko juya mata baya, wadda daga Accra take gabas maso arewa.

Waɗanda Allah ya buɗa wa, musamman masu 'ya'ya a Amurka ko Jamus, kan rushe tsohon gida su tayar da bene, ko su sayi fili a Kasoa ko Adenta. Nan ne hotunan waya ke ruɗin mutane. A kashe kuɗi kan kabad ɗin garin katako da aka matse, damshin bakin teku ya kumbura su cikin damina biyu uku, Hajiya kuma ta koma waje da kurfotinta domin soya yajin shito ba ya zama da labule. Kantar siminti da tayil, da ƙofofin alminiyam ko katako na gaske, sun fi jure wa Accra. Masu dabara kan yi kicin biyu tun farko: ƙarami a ciki domin shayi da ɗumame, da rumfa a baya mai famfo da kwata domin tuwo, layya, da manyan tukwanen suna da biki. Wanda ya cinye filinsa duka da ɗakuna, ranar suna sai a fitar da mota daga gareji a kafa murhu, ko a je neman izinin toshe layi da kanofi.