Husufin Wata Ba Ya Cutarwa, Na Rana Ne Ke Cin Ido

Ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, da hantsi, duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi. Babu hadari, babu hazo. Rana ce ta yi ta raguwa daga gefe guda har ta ɓace, sai wani baƙin da'ira a sama da farin haske kewaye da shi. Iska ta yi sanyi, tauraruwar Zara ta fito tsakar rana. Ba a cika minti huɗu ba haske ya dawo, kowa ya shiga ba maƙwabcinsa labarin abin da su duka suka gani.

Inuwar wata ce ta ratsa ta kansu. Ta faro daga gabashin Brazil, ta tsallake tekun Atlantika, ta bi ta Ghana da Togo da Benin, ta shigo Najeriya ta wajen Shaki a jihar Oyo, ta haura arewa zuwa Nijar da Chadi da Libiya da Masar da Turkiyya, ta je ta ƙare a Mongoliya. Faɗinta bai kai kilomita 200 ba, shi ya sa mutanen Kano suka ga rana ta koma siririya amma ba ta rufe gaba ɗaya ba. Masana taurari sun riga sun buga ranar da sa'ar da garuruwan da za ta bi tun shekaru kafin ta zo.

Shekara biyar kafin nan, a daren 9 ga Janairu, 2001, wata ya yi husufi, kuma a Maiduguri wasu matasa suka far wa otal-otal da mashaya da ƙone-ƙone, wai zunubin da ake tafkawa a can ne ya jawo. An yi asarar dukiya a kan abin da ke rubuce a kalandar masana tun da daɗewa. Abin takaicin shi ne mun ajiye tsoronmu a inda bai kamata ba. Husufin wata, wanda yara kan fito suna kaɗa gwangwani da ƙwarya wai rana ta kama wata ta sake shi, ba ya cutar da ko jinjiri. Husufin rana kuwa, wanda jama'a kan ɗaga kai su ƙura wa ido, yana iya barin mutum da tabo a gani har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin a kai ga maganar ido, sai an san yadda abubuwan ke tafiya a sama. Duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya a kwana guda, daga yamma zuwa gabas. Wannan juyin ne ke sa a ga rana da wata da taurari suna fitowa daga gabas suna faɗuwa yamma. Tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara, shi ya sa taurarin dare ke canjawa da lokaci, har manoman da suka iya sama ke lura da Kaza da 'Ya'yanta don sanin inda damina ta kwana. Shi kuma wata yana kewaya duniya, kuma ba shi da hasken kansa ko kaɗan. Hasken rana ne ke dukansa ya dawo mana. Kullum rabinsa na cikin haske, rabi na cikin duhu, abin da ke canjawa kawai shi ne yawan ɓangaren mai haske da ke fuskantarmu. Daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne, dalilin da ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30.

Duk wanda ke bin lissafin wata yana da rabin ilimin husufi a hannu. Rana ba ta yin husufi sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ya ɓuya, domin a sannan ne yake shiga tsakaninmu da ita. Wata kuma ba ya yin husufi sai ya cika, wajen daren 14 ko 15, domin a sannan ne duniya ke tsakiya, inuwarta ta faɗa kansa. Ke nan a husufin wata, rana tana can ɗaya ɓangaren, ba ta ko kusa da shi. Idan wani ya turo saƙo a WhatsApp cewa gobe rana za ta yi husufi alhali wata na da kwana bakwai, ba sai an tambayi kowa ba, ƙarya ce.

To, me ya hana a yi husufi kowane wata? Hanyar da wata ke bi ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana. Yawancin watanni yakan wuce ta sama ko ta ƙasa da layin, inuwar ta tafi sarari ba ta sami kowa ba. Sai kusan kowane wata shida ne ukun ke iya daidaita. Duk da haka babu shekarar da ba a yin husufin rana aƙalla sau biyu a wani wuri a duniya. Abin da ke wuya shi ne cikakken ya biyo ta garinku.

Akwai wani daidaito mai ban mamaki a nan. Faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400, nisanta kuma ya ninka nasa kusan sau 400: ita tana kilomita miliyan 150, shi yana wajen 384,000. Saboda haka suke zama kusan girma ɗaya a idonmu, har ƙaramin ke iya rufe babbar cif. Idan husufin ya zo lokacin da wata ya ɗan yi nisa, ba ya iya rufe ta duka, sai a ga zoben wuta kewaye da shi. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso daga rana. Daga wata kuwa daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ne.

Lissafin husufi ba sabon abu ba ne, ba kuma duba ba ne. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, masanan Babila sun gano cewa husufi kan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8. A gwada da na Katsina. A ɗora wannan adadi a kan 29 ga Maris, 2006, sai a faɗa 8 ga Afrilu, 2024, ranar da duhu ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Waɗancan awa 8 ɗin ne suka ba duniya damar juyawa sulusin zagaye, sai inuwar ta sauka can yamma da mu.

Addini ma bai bar wa camfi ƙofa ba. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu a Madina, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Manzon Allah ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma umarci a yi salla da addu'a da sadaka. Masana taurari sun lissafa husufin da aka gani a Madina ranar 27 ga Janairu, 632. Wanda ya nufi masallaci lokacin husufi ya bi sunna, kuma ya tsira da idonsa. Wanda ya ɗauki fetur don ƙone-ƙone bai bi komai ba sai zuciyarsa.

Jan da wata ke yi lokacin husufi kuwa, wanda wasu ke cewa jini ne, daga iskar da ta lulluɓe duniya yake. Hasken rana haɗin launuka ne. Idan ya ratsa iskar, shuɗin yakan watse, jan ya lanƙwasa ya wuce ya sauka kan wata. Shi ne dai jan da ake gani da almuru. Daren 27 ga Yuli, 2018, wata ya yi awa 1 da minti 43 cikin wannan ja, mafi tsawo a ƙarnin nan, kuma an gan shi a faɗin Afirka. Ana kallon irinsa da ido tsirara, har da madubin hangen nesa, ba komai.

Rana daban ce. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da ke karɓar hoto ya aika wa ƙwaƙwalwa. A gabansa akwai madubin ido, wanda ke tattara haske wuri guda, kamar yadda yara ke tara rana da gilashin ƙara girma a kan takarda har ta yi hayaƙi. A ranar da ba husufi, ƙyallin rana ke kare mu, mutum ba ya iya daƙiƙa biyu bai kau da kai ba. Ranar husufi ƙyallin ya ragu, sha'awa ta ƙaru, sai mutum ya daure ya ci gaba da kallo, alhali ɗan gefen da ya rage ƙarfinsa bai ragu ba. Mafi muni, wannan tantanin ba ya jin zafi. Ɓarnar na faruwa mutum na dariya. Sai bayan wasu awanni, ko washegari, ya ga dishi-dishi, ko wani baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla, ko layukan rubutu sun karkace. Ya kalli fuskar ɗansa ya ga kunnuwa bai ga hanci ba.

Bayan husufin 21 ga Agusta, 2017, likitocin ido a New York sun ɗauki hoton bayan idon wata matashiya da ta kalli rana na 'yan daƙiƙu. Tabon da ke kan tantanin ya fito da siffar jinjirin wata, daidai surar ranar da ta kalla. Wasu masu irin wannan rauni kan samu sauƙi cikin watanni, wasu kuma sun tafi da shi ke nan. Babu ɗigon magani ko tabarau da ke gyara shi.

Dabarun da aka saba yi a unguwa duk ba sa kariya. Baƙin tabarau, ko an jera uku, bai isa ba. Gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, da faifan CD, da baƙar leda, duk suna rage ƙyalli ne kawai su bar mai cutarwar ya wuce, har gara babu su, domin suna ba mutum ƙwarin gwiwar daɗewa yana kallo. Leƙa rana a cikin ruwan daro ma haka, hasken da ke dawowa daga ruwan yana da ƙarfin yin illa. Kallon rana ta madubin hangen nesa ba tare da matatar da aka ƙera don haka ba kuwa, daƙiƙa ɗaya ta isa. Masu ɗaga waya su ɗauki hoto su ma sukan saci kallo ta gefenta.

Abin da ke kariya shi ne tabaran husufi na musamman mai lambar inganci ISO 12312-2, wanda idan aka sa shi a ɗaki ba a ganin komai. Idan ana hango kujera ko ƙwan fitila sosai ta cikinsa, ko ya huje, ko ya karce, a jefar. Na jabu ma sukan buga lambar, don haka a saya daga inda aka amince. Gilashin masu walda mai lamba 14 ya yi, amma yawancin wanda ke hannun masu walda a bakin titi bai kai wannan duhun ba.

Hanya mafi arha ba ta buƙatar ko sisi. A juya wa rana baya, a huda kwali da allura ko ƙusa ƙarama, a bar hasken ya bi ta hujin ya sauka kan farar takarda. Hoton rana ne zai fito, da gutsuren da wata ya yi mata. Gwagwar ɗakin girki ta fi armashi, kowane huji da nasa jinjirin. Wanda kuma ke da darbejiya a ƙofar gida, ya dubi ƙasa kawai: ɗigon hasken da ke ratsa ganye, waɗanda kullum suke da'ira, duk za su koma lauje-lauje a kan tabarma da bango, ɗaruruwa, suna rawa idan iska ta kaɗa. Ibn al-Haisam, masanin haske haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, ya rubuta maƙala guda a kan wannan hoton na husufi ta ƙaramin huji. Ta cikin hujin ba a leƙawa, takardar ake kallo.

Lokaci ɗaya tak ake iya kallo ba kariya, wato 'yan mintunan da wata ya rufe rana ruf, kuma sai ga wanda ke cikin layin inuwar. Da ɗigon haske ya ɓullo a gefe, a sunkuyar da kai.

Mai ciki ba ta da abin tsoro, abincin da aka dafa lokacin husufi lafiyarsa lau, ruwan randa bai gurɓace ba. Rana ba ta fitar da wani sabon haske a ranar. Yara ne abin sa wa ido, domin madubin idonsu ya fi na manya haske, kuma da an ce kada su kalla sai sun kalla. Wanda ya yi ƙorafin gani bayan husufi a kai shi asibitin ido, kada a tsaya sa masa tozali ko ruwan tsiro.

Wasu ranakun na tafe. Ranar 6 ga Fabrairu, 2027, za a ga zoben wuta dab da faɗuwar rana a gaɓar tekun Ghana da Togo da Benin har zuwa Legas. Ranar 2 ga Agusta, 2027, cikakken husufi zai bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, inda zai haura minti 6 kusa da Luksor, ya wuce ta Jidda da Makka. Masu Umara a lokacin za su kasance cikin inuwar, ƙasar Hausa kuma za ta ga wani ɓangare na rana ya rufe, wato irin husufin da ba shi da ko daƙiƙa ɗaya ta kallo da ido tsirara. Sai 20 ga Maris, 2034, da cikakken zai sake ratsa Najeriya daga wajen Legas, ya shiga Kamaru da Chadi da Sudan. Makarantun boko da na allo da gidajen rediyo suna da lokacin koya wa yara huda kwali, hukumar sararin samaniya ta Najeriya da ma'aikatun lafiya kuma suna da lokacin shigo da tabarau na gaske kafin 'yan kasuwa su cika titi da na jabu.