Tarkon Kwafin Jeri a Python

Mai koyon Python, harshen rubuta manhaja da Guido van Rossum ya fitar a 1991, ba ya daɗewa bai buƙaci teburi ba, a ce na makin ɗalibai uku a darussa uku. Abin da ke fara zuwa masa shi ne ya rubuta [[0] * 3] * 3. Ya buga, ya ga sifili tara cikin layi uku, hankalinsa ya kwanta. Sai ya ba ɗalibin farko maki 70, ya sake dubawa, ya tarar ɗaliban uku duk sun ci 70.

Kwamfuta ba ta ruɗe ba, abin da aka ce mata ta yi. A Python, jeri ba ya riƙe abubuwan da ke cikinsa, adireshinsu a ma'ajiyar kwamfuta kawai yake riƙewa. Da aka ce a ninka layin sau uku, adireshin aka ninka, layin yana nan guda ɗaya. Kamar mutum ne ya yanko makulli uku na ɗaki ɗaya: ko da wanne ka buɗe, kayan da ka taɓa na kowa ne.

To me ya sa [0] * 3 na ciki bai jawo rigima ba, alhali shi ma adireshi ɗaya aka maimaita? Domin lamba a Python ba ta canzuwa. In ka sa 70 a gurbi, ba sifilin ka taɓa ba, gurbin ka juya ya nuna wani abu dabam. Jeri kuwa ana iya gyara cikinsa yana inda yake, kuma duk mai riƙe da adireshinsa zai ga gyaran.

Ko wanda ya san b = a ba kwafi ba ne, suna na biyu ne kawai, yakan faɗa rami na gaba. Ya rubuta a[:] ko a.copy(), ya samu sabon jeri na waje, amma layukan ciki har yanzu na tarayya ne. Mai son rabuwa ta gaskiya sai ya kira deepcopy, ko ya gina kowane layi da kansa ta hanyar for.

Ba Python kaɗai ba. A JavaScript, Array(3).fill([]) wannan tarkon yake ɗanawa, kuma structuredClone ne ke yin kwafi mai zurfi. PHP ma ta sauya hali: a PHP 4 ana kwafe abu (object) ne in aka miƙa shi ga wani suna, sai PHP 5 ta zo a 2004 ta koma miƙa adireshi, ta kawo clone ga mai son kwafi.

A ganina tsarin ba shi da laifi. Da za a riƙa kwafe jeri mai abu miliyan duk lokacin da aka miƙa shi, da manhajoji sun yi nauyi. Abin tsoron shi ne shirun: babu saƙon kuskure, manhaja tana tafiya lafiya lau, lissafi ne kawai ke gurɓata, wani lokaci a wuri mai nisa da inda aka yi kwafin. In ka yi shakka, rubuta a[0] is a[1]. In amsar ta fito True, layi ɗaya gare ka.